Mai Ludayi a Wuya

Mun tashi daga Filinge ana fitowa daga sallar asuba, mu 'yan ƙungiyar kula da muhalli ta lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, tare da malaminmu na ilimin halittu wanda kowa ke ce wa Mushe. An gayyace mu yankin Kure mu ga yadda ma'aikatan gandun daji suke ƙidayar raƙuman dawa. 'Yan ajinmu da ba su samu wuri a mota ba sun matsa mini in ba su labari, kuma sun san halina, in aka tsayar da ni gaban allo bakina ba ya buɗewa. Shi ya sa na rubuta.

Sai dai kafin in hau da ku mota, bari in faɗa muku abin da na fita da shi daga gida.

Hutun damina na yi shi a ƙauyen kakata ta wajen uwa, can cikin dallol, babban kwarin nan, ta ɓangaren Tondikandiya. Kaka ba ta saki al'adar kakanni ba. Akwai wani babban gawo a ƙarshen gonarta, ba a yanke hatsi sai ta je ta zuba masa fura a gindi. Wata safiya da ƙarshen damina, gawon ya fara toho, mun tafi tsinkar ganyen wake, na ɗaga kai sai na ga reshen gawon yana motsi alhali babu iska. Raƙumar dawa ce, a tsaye, tana zaro ganye da harshenta baƙi mai tsawo. Bayan ta gusa sai na ga ƙarami a bayanta, ƙafafunsa kamar karan dawa, yana tafiya yana tuntuɓe da inuwarsa. Tun daga ranar kusan kullum sai mun gan ta. Daga inda nake laɓewa a bayan rumbu gefenta na hagu nake gani, kuma a tsakiyar wuyanta akwai wani zane da ya fita daban, kai zagayayye da doguwar mariƙa, sak ludayin shan fura. Kunnenta na wannan gefen kuma ya ɗan tsage a baki.

Kaka ta ce kada in nuna ta da yatsa, kada kuma in faɗa wa kowa a gari. A wurinta daji yana da masu shi, namun dawa kuwa garkensu ne, kuma mutum ba ya ƙirga garken wani. Ko nasa ma ba ya ƙirgawa, don abin da aka ƙirga ya kama hanyar ƙarewa. Ban taɓa jin ta faɗi yawan 'ya'yan da ta haifa ba. In baƙo ya tambaya sai ta ce Allah ya ba da albarka, ta canza magana.

Matsalar ita ce raƙumar ba gawo kaɗai take ci ba. Tana son wake, kuma gonar kawuna ce a kan hanyarta. Na ji shi yana faɗa wa abokansa cewa shi bai noma wa dogon wuya ba, in waken ya fara nuna zai yi maganinta. Ranar da zan dawo Filinge na ga naɗin wayar ƙarfe sabuwa, irin ta ɗana tarko, a bayan rumbunsa. Na faɗa wa Kaka, ta ce masu daji sun san yadda suke tsaron abinsu.

Ana jibi za mu tafi Kaka ta zo gidanmu don a duba mata ido a likita, ta ji inda za a kai mu. Da asubar tafiyar, ina ɗaura ɗankwali, ta miƙo mini gorar fura, ta kuma riƙe mini wuyan hannu, munduwarta ta jan ƙarfe tana taɓa fatata.

"Ke 'yar lakwal, ki tahi ki gani, ki dawo da bakinki a rufe. Ta gawon nan ba ta cikin lissahin kowa."

Na ce to.

Motar da aka ɗauko mana farar bas ce wadda ta ga jiya ta ga yau. Direban yana kiranta Hajiya, kuma duk inda ta yi tari sai ya shafa sitiyari ya ba ta haƙuri. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Ni na samu wurin taga, ƙawata tana gefena da ledar gyaɗa. Gari na wayewa duwatsun bakin dallol suka fito jajaye a hannun hagu, ƙasa kuma gonaki an yanke hatsi, kara tsaye, amalanken jakuna suna ta jigilar dammuna zuwa gida. Rumbuna da yawa an yi musu sabuwar jinka, kana ganin wanda aka gyara bana da wanda mai shi ya ce sai baɗi. Ina ta kallon waken da ke yaɗo tsakanin kara. Ya fara yin rawaya.

Hanyar tana da shingaye, kowa ya san halin da ake ciki. A kowane sai mu sauka mu nuna katin lakwal. A wani shingen wani jandarma ya tambayi Mushe ina za a kai yara haka, da ya ji sai ya yi dariya ya ce shi ya yi shekara da shekaru yana bin hanyar Dosso bai taɓa tsayawa ya kalli raƙuman ba, mu gaishe masa da su. A Bonkuku muka karya da fanke da shayi. Daga nan gaisuwa ta fara juyewa, ina kwana ta koma fofo, ƙawata kuwa da ke taƙamar ta iya Zabarmanci ta tambayi mai shayi sukari ya miƙo mata ashana.

A Baleyara muka daɗe, don Hajiya ta nemi ruwa. Ba ranar kasuwa ba ce amma garin a cike yake, buhunan albasa jibge a bakin titi, ga warin turken dabbobi yana tasowa daga bayan rumfuna. A nan na ci kopto mafi daɗi da na taɓa ci, zogale da ƙuli da ɗan yaji, na dala ashirin aka cika mini leda. A Filinge wannan kuɗin rabin haka za a ba ka, kuma a kalle ka kamar an yi maka kyauta. Na lura matar da ke sayarwa tana auna wa kowa da hannu uku, amma in yaro ne sai ta ƙara ɗan tsunkule ba tare da ta kalle shi ba.

Daga Baleyara muka bar kwalta muka kama hanyar jar ƙasa muka yi kudu. Wannan hanyar ta koya mana addu'o'in da ba mu san mun haddace ba. Gyaɗar ƙawata rabi a bakinta ta shiga, rabi a ƙarƙashin kujera. Can muka hau tudu, ƙasa ta zama fako, itatuwa suka jeru layi-layi, sai fili, sai wani layin. Mushe ya ce daga sama wurin kamar fatar damisa yake, kuma a nan raƙuman suke yin damina, in rani ya yi su gangara dallol wajen gawo.

Wadda ta tarbe mu ma'aikaciyar gandun daji ce, sanye da koren kaki da ɗan mayafi a ƙarƙashin hula. Madam muke ce mata. Ban taɓa ganin mace a wannan aikin ba, kuma na lura takalmanta sun fi na mazan cin ƙasa. Ta zaunar da mu a inuwa ta ce kafin mu ga komai sai mun ji dokar wurin. Ba gudu, ba ihu, ba a bin su ta baya, kuma in uwa tana tare da ɗanta a ba ta hanya.

Sannan ta faɗi abin da ya sa na ji kaina ya yi girma. Ta ce irin wannan raƙumin dawa mai farin jiki, a da yana yawo a ƙasashen yammacin Afirka da dama, amma yau duk duniya ba inda ya rage sai Nijar. Akwai lokacin da suka ragu har aka fidda rai. Sai ƙasa ta kafa doka ta hana kashe su, mutanen ƙauyuka suka yarda su zauna da su, suka sake yaɗuwa. Ba a cikin shinge suke ba, a cikin gonakin mutane suke. Ta ce raƙumin dawa ba shi da katin shaida, yana iya wucewa iyaka bai sani ba, shi ya sa ƙasashe suka zauna suka yi yarjejeniya a kan namun da ke ƙetare iyakoki, suka kuma sa ido a kan cinikin fata da wutsiya. Abin da ake ƙirgawa a nan, da shi wakilanmu suke zuwa taron ƙasashe su ce ga abin da muka riƙe wa duniya. Wani ɗan ajinmu ya tambaya ko su ma raƙuman ana tsayar da su a shinge. Madam ta ce su ne kaɗai 'yan ƙasa da jandarma ke ba hanya.

Ni a zatona ƙidaya irin ta tumaki ce, a tsaya a ce ɗaya, biyu, uku. Ashe ba haka ba ne. Zanen jikin kowane raƙumi nasa ne shi kaɗai, daga haihuwa har mutuwa ba ya canzawa, kuma na dama daban yake da na hagu. Saboda haka in an samu garke sai an ɗauki hoton kowane ta gefe biyu, a koma a gwada da hotunan bara. In an ɗauki gefe ɗaya kawai ana iya lissafa raƙumi ɗaya sau biyu, ko a haɗa biyu a ce ɗaya ne. Aikin haƙuri ne. Wani lokaci sai su yi ta zagaya raƙumi yana juya musu gefen da suka riga suka ɗauka, kamar da gangan.

Muka bi wani dattijo ɗan ƙauyen da ke yi musu ja-gora. Ba mu yi nisa ba ya tsaya ya ɗaga sanda. Da farko ban ga komai ba sai itatuwa, sai ɗaya daga cikin itatuwan ya juyo ya kalle mu. Suna nan warwatse suna kiwo, ba sauti ko kaɗan sai ƙaras-ƙaras na ganye. Babban namijin ya fi sauran duhu, goshinsa da ƙulu. In suna tafiya ƙafafun gefe ɗaya suke ɗagawa tare, shi ya sa suke rangaji kamar raƙuman Abzinawa. Wasu ƙananan tsuntsaye suna hawa wuyansu suna tsince musu kaska. Ƙawata ta raɗa mini cewa gashin idon nan ko amarya ba ta samu ba, kuma ba kwalli. A gefe guda wata mata tana tsinkar yakuwa a gonarta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Mushe ya tambayi dattijon ko ba sa yi musu ɓarna. Ya yi dariya ya ce ɓarna kai, baƙi ne da ba sa sallama, wakensa ma bana sun ɗanɗana. Amma tun da aka san ƙauyensu hanyar raƙuma ce, ma'aikata suna zuwa su duba ɓarnar, an taimaka musu da shingen lambu da irin shuka, an kuma ɗauki wasu samarinsu aikin sa ido. Ba ya biyan duka, in ji shi, amma yana sanyaya zuciya. Ya ce da ana zuwa daga ƙasashe masu nisa kallonsu, yanzu baƙin sun ɗauke ƙafa, su kuwa suna nan da abinsu. Yana maganar yana kallon raƙuman kamar mai kallon 'ya'yan da suka gagare shi amma ba ya so wani ya zage su.

Da la'asar, bayan mun ci dambu, Madam ta tara mu a rumfa ta buɗe kwamfuta tana nuna mana hotuna. Ta nuna mana yadda ake gwadawa, a nemi zane ɗaya da ya fita daban a riƙe shi. Muka yi ta gasa, wannan kamar takalmi, wancan kamar taswirar Nijar. Daga ƙarshe ta ce ga kuma waɗanda aka nema ba a gani ba. In ƙidaya ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba a ga raƙumi ba, sai a cire shi a sa shi cikin matattu. Ta tsaya a kan wata mace ta ce wannan ta daɗe ba a gan ta ba, in aka rufe ƙidayar bana ba ita, shi ke nan.

Gefen dama ne a hoton, kuma ban san shi ba. Har na sauke ajiyar zuciya. Sai ta danna ya juya zuwa hagu.

Ludayin yana nan a tsakiyar wuya, da mariƙarsa. Ga tsagar kunne.

Na ji zufa ta karyo mini har tafin hannu. Ƙawata ta tambaye ni ko dambun ne, na girgiza kai. Ban san lokacin da hannuna ya ɗaga ba, ni da ko amsar da na sani ba na ɗaga wa hannu. Na tambaya, muryata tana rawa, in an sa ta cikin matattu me zai faru. Madam ta ce ba za a ƙara neman ta ba. Ta ce doka tana kare raƙumin dawa a duk inda yake a ƙasar nan, amma doka ba ta da ƙafa, ma'aikata ne ƙafarta, su kuwa ba su da yawa, sai inda aka san akwai dabba suke zuwa. Inda ba a sani ba, ba mai zuwa duba gona, ba mai lallashin manomi, kuma in wani abu ya faru ba mai ji.

Na tuna wayar ƙarfen nan a bayan rumbu, na tuna waken da na gani a hanya ya fara rawaya. Na kuma tuna hannun Kaka a wuyan hannuna. Ban taɓa saɓa mata ba. Ita ta goya ni lokacin da innata ta yi jinya, kuma amana ta ba ni. In na yi magana na kai ta gawon nan cikin lissafi, in wani abu ya same ta daga baya Kaka za ta ce bakina ne. Ina kuma tsoron a je a kama kawu, a ce 'yar ƙanwarsa ce ta kai shi.

A wata lakwal ta ƙauyen muka kwana, don ba a bin hanya da duhu. Da safe muka sake fita ɗan lokaci tare da ma'aikatan. A nan na lura da wani abu. Duk tsawon aikin ban ji ɗayansu ya ce ɗaya, biyu, uku ba. Cewa suke ga mai tabo a ƙirji, ga 'yar gurguwar nan ta girma, wancan ai shi ne ya gangara dallol bara. Kamar yadda Bafulatani ya san saniyarsa da uwarta da kakarta. Wannan sanin fuska ne. Lissafin can daga baya yake zuwa, a ofis.

Direba ya riga ya fara lallashin Hajiya, ana ɗaure ƙofar baya, na sauka na nufi inda Madam take tsaye. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce, "Madam, mai ludayin nan ba ta mutu ba. Tana wajen kakata."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kira kowa ba. Ta ja ni gefe ta tambaye ni wane ƙauye, wane gefe na gani, yaushe rabona da ita. Na faɗa mata, na ƙara da tsagar kunne, wadda ita ba ta ambata ba jiya. Ta buɗe hoton a salularta ta ƙara masa girma, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ita kaɗai ce? Su nawa kika gani?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ita da albarkarta."

Ta kalle ni, ta yi murmushi. Ina jin ita ma tana da kaka a wani ƙauye. "Allah ya raya," in ji ta, ba ta sake tambayar adadi ba.

Na ce mata tana cin wake, kuma haƙurin masu gona ya kusa ƙarewa. Ban ambaci kawu ba, ban ambaci wayar ƙarfen ba. Ta ce ta gane, za su yi ƙoƙari su riga haƙurin ƙarewa, kuma magana za su je yi, ba kamu ba. Ta gaya mini gaskiya cewa maganata kaɗai ba ta isa a rubuta ba, sai sun ɗauki hoto ta gefe biyu, haka aikin yake. Amma ba za a sa ta cikin matattu ba sai an je an duba. Ni kuma na roƙe ta abu ɗaya, in sun je su fara sallama a gidan Kaka kafin su nufi gawon. Ta ce ai ba a shiga gida ta katanga.

A mota Mushe ya juyo ya kalle ni sau biyu. Da muka tsaya a Baleyara shi ya saya mini kopto. Ni kuma na sayi goro fari na Kaka, ina tunanin ko zai rage mini faɗa. Duk hanyar dawowa 'yan ajinmu suna waƙa suna kwaikwayon tafiyar raƙumi a zaune, ni kuwa ina ta shirya magana ina rushewa. Ban ga duwatsun dallol ba sai da muka kusa gida.

Mun iso Filinge bayan la'asar. Na tarar da Kaka a tabarma a tsakar gida, an ɗiga mata magani, idonta a rufe. Na ajiye goron a hannunta na zauna. Ta shinshina shi ta ce 'yar lakwal ba ta sayen goro banza, mi na yi. Na faɗa mata duka, tun daga hoton har maganata da Madam.

"Cewa sunka yi ta mutu?"

Na ce saura kaɗan su rubuta haka.

"Wa ya ga gawarta?"

Na ce ba kowa.

Ta buɗe ido duk da maganin, ta ce ita da ke zuba wa gawon nan fura tun ba a haifi uwata ba, a zauna a wani wuri a kashe mata baƙuwa da alƙalami. Ƙirga mai rai mugun abu ne, in ji ta, amma binne mai rai ya fi shi muni. Sannan ta juyo gare ni.

"Kin ce musu su nawa?"

"A'a, Kaka. Cewa na yi ita da albarkarta."

Ta ɓare goron, ta jefa rabi a baki, ta miƙo mini rabi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ashe lakwal ba ta gama cinye ni ba. Ta ce in aika musu su zo da safe, su bar motarsu a bakin rijiya, ita za ta shige gaba, ba mai nuni da yatsa, kuma mai son ƙirga ya ƙirga a cikinsa. Shi kuwa kawu mai wayar ƙarfe, ta ce, ita ta haife shi, ta san inda za ta taɓa. Washegari ba ta jira komawa likita ba, ta ɗauki kwalbar maganinta ta hau motar kasuwa.

Na tafi Kure ina zaton zan ga dabbobi ne kawai, na dawo na san cewa ƙasarmu tana riƙe da abin da babu shi a ko'ina, kuma ba ma'aikata kaɗai ke riƙe da shi ba. Akwai masu zuwa taron ƙasashe, akwai Madam da takalmanta, akwai dattijon da ake cinye wa wake yana dariya, akwai tsohuwar da ke zuba fura a gindin gawo. Kowa da irin tsaronsa, kuma in ba su san juna ba raƙumar ce za ta faɗa a tsakani. Na kuma koyi cewa murya ko tana rawa ana jin ta.

Shekaranjiya bayan an tashi daga aji Mushe ya kira ni ya miƙo mini salularsa. Madam ce ta aiko da hotuna. Na farko gefen dama, na biyu gefen hagu, ludayin yana nan, ga wani ɗan siririn wuya ya leƙo ta bayanta. Can nesa ana hango gonar kawu, an zagaye waken da sabon shinge, wayar tana ƙyalli a jikin turaku. A kusurwar hoton kuma wani ma'aikaci ya fara ɗaga hannu zai yi nuni, ga wani hannu mai tamoji da munduwar jan ƙarfe ya danne shi ƙasa.

Mushe ya tambaye ni ko na san mai hannun. Na ce na san shi ta gefe biyu.